Mun Saka Linux, To Wa Zai Kula Da Ita?



Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10. Yawancinmu ba mu ji komai a jikinmu ba, domin washegari kwamfutocinmu sun kunnu kamar kullum. Abin da ya tsaya shi ne facin tsaro da ake turo musu, sai fa ga wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adin shekara ɗaya. Ita kuwa Windows 11 ta zo da sharuɗɗanta. Tana buƙatar wata 'yar na'urar tsaro mai suna TPM 2.0, kuma galibi ba ta karɓar ƙwaƙwalwar Intel da ta gaza ƙarni na 8. Laftof ɗin da akasarinmu ke riƙe da su 'yan gwanjo ne, HP da Dell da Lenovo waɗanda suka gama aikin ofis a Turai kafin su iso gare mu, kuma da yawansu ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba.

Wannan ne ya sa mu 'yan tsiraru a reshen ƙungiyarmu ta marubuta muka ce bari mu gwada wata hanya. Wata Asabar bayan an tashi daga zaman karatu, muka zauna da filash ɗaya mai ɗauke da Linux Mint, muka saka wa laftof bakwai. Babu wadda ta ɗauki awa guda. Kwamfutocin da a da sai an kunna su a je a yi alwala a dawo kafin su gama farkawa, sai ga su suna tashi nan take. Muka yi hotuna, kowa ya tafi gida yana murna.

Bayan wata uku, uku daga cikin bakwai ɗin sun koma Windows ta sata. Ɗaya daga cikin ukun ta tafi da babi goma sha ɗaya na littafin wata 'yar uwarmu, littafinta na farko, wanda ta kusa shekara tana rubutawa.

Ga yadda abin ya faru. Tana cikin sabunta manhajar aka ɗauke wuta, batirin kuma dama ba ya riƙe caji. Da ta sake kunnawa sai ta ga baƙin allo da rubutun Turanci fari yana ta gangarowa. Ta ɗauka ta kai wa mai gyara a kasuwa. Shi kuma bai saba ganin irin wannan ba, sai ya yi abin da ya iya: ya goge komai, ya ɗora mata Windows, ya karɓi kuɗin aikinsa. Abin da ya fi ci mana rai shi ne, a lokacin da ta miƙa masa kwamfutar, babi goma sha ɗayan nan suna nan lafiya ƙalau a ciki, ko wasali ɗaya bai ɓace ba. Da an jona filash ɗin nan da muka yi sakawar da shi, an tashi kwamfutar daga kansa, da an kwashe su cikin minti biyar. Ba mu gaya mata haka ba. Mun koya wa mutane sakawa, ba mu koya musu riƙewa ba. Laifin namu ne, ba na mai gyaran ba, ba kuma na Linux ba.

Don haka ra'ayinmu a yau shi ne, marubucin da ya saka Linux dole ne ya yarda cewa shi ne mai kula da kwamfutarsa, kuma ya ware makon farko ya koyi wannan aikin kafin ya rubuta ko layi ɗaya a cikinta. Wanda bai shirya wa wannan ba, gara kada ya saka.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Linux babbar manhaja ce irin wadda ke tafiyar da kwamfuta baki ɗaya, kamar dai Windows. Tushenta biyu ne. A 1983 Richard Stallman ya ƙaddamar da aikin GNU a Amurka, da nufin samar da manhajar da kowa ke da ikon amfani da ita, ya duba cikinta, ya gyara, ya kuma raba wa wasu. A 1991 wani ɗalibi a birnin Helsinki na ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya rubuta ƙashin bayan da ya cike gurbin da ya rage. Wayar Android da ke hannunku yanzu a kan wannan ƙashin bayan aka gina ta. Daga baya mutane daban-daban suka riƙa haɗa nasu samfurin. Ubuntu ta fito a 2004 daga kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu, ita kuma Mint a kan Ubuntu aka ɗora ta. Bature kalma ɗaya gare shi da ke nufin kyauta, take kuma nufin 'yanci, shi ya sa sukan sha wahalar bayanin wace ake nufi. Mu Hausa ta hutar da mu, kalmominmu biyu ne. Linux kyauta ce, amma abin da masu ita suka fi damuwa da shi 'yancin ne, kuma wannan 'yancin ne ya ɗora mana aikin da muke magana a kai.

Akwai wani abu da ba mu cika son a faɗa ba. Babu makon da zai wuce ba a ji marubuci yana kuka an kwafe littafinsa ana rabawa a WhatsApp ba da izninsa ba, yana Allah ya isa. Mu duba kwamfutar da aka rubuta littafin da ita. Sau da yawa Windows ɗin ta sata ce, Word ɗin ma haka, har da rubutun nan da ke maƙale a kusurwar allo yana roƙon a biya. Ba mu ce talaucinmu ƙarya ba ne. Amma tunda ga hanyar da masu abin suka ce a ɗauka da yardarsu, hujjarmu ta ragu.

Mu fara da kalmar sirri, domin ita ce makullin gidan. Wadda aka zaɓa lokacin sakawa aikinta ya wuce buɗe allo. Da ita ake ba da izinin duk wani canji da ya shafi jikin manhajar. A Linux akwai wani babban mai iko da ake kira root, wanda babu abin da aka hana shi, har da rushe gidan da yake ciki. Mu kuwa a kullum muna aiki ne a matsayin mazauna na yau da kullum, sai idan buƙata ta taso mu ari ikon nasa na ɗan lokaci ta hanyar rubuta kalmar sudo a gaban umarni. Ana rubuta umarnin ne a baƙin allon nan da ake kira tamina, wanda ke buɗewa idan aka danna Ctrl da Alt da T tare. A wasu ire-iren Linux, idan ana rubuta kalmar sirri a tamina ba a ganin komai, ko tauraro ɗaya. Wani ɗan uwanmu ya kwana biyu yana zaton madannansa sun mutu. Ba su mutu ba, ɓoyewa ce kawai, a rubuta a danna Enter.

Doka ɗaya muka gindaya wa kanmu a nan: duk umarnin da ya fara da sudo, ba ma kwafo shi daga intanet mu liƙa sai mun san abin da kowace kalma a cikinsa ke yi. Hanyar sani tana cikin kwamfutar. A rubuta man sannan sunan umarnin, bayaninsa zai fito, ko babu data. Wanda ya fi cancanta a ji tsoronsa shi ne rm, mai goge fayil. Shi ba ya kai abu kwandon shara inda za a je a tono shi gobe, kuma ba ya tambayar ko an tabbata. Sabon shiga ba shi da dalilin amfani da shi, ya goge da linzami kamar yadda ya saba.

Abu na biyu shi ne sanin ɗakunan gidan. Babu C babu D a nan. Komai yana rataye ne daga tushe ɗaya da ake nunawa da alamar /, kuma kayanmu duka suna cikin /home, a foldar da ke ɗauke da sunan da muka zaɓa. Rubuce-rubuce, hotuna, har da saitin da muka yi wa manhajojinmu, duk suna nan. Wanda ya gane wannan ya gane rabin aikin, domin in ya kwashe wannan folda ɗaya ya kwashe duk abin da yake nasa. Sauran duka ana iya sake saukewa. A lura kuma Linux tana bambanta babban baƙi da ƙarami, don haka Labari.odt da labari.odt fayil biyu ne daban, suna iya zama a folda ɗaya, mutum ya yi ta gyara ɗaya yana tura wa edita ɗayan. Shawararmu ita ce a bar sunayen fayil cikin ƙananan baƙaƙe, ba tazara, ba ƙugiya, ba alamar nan ta 'y. Wannan alamar tana da wata ma'ana ta daban a tamina, in ta shigo cikin suna sai umarnin ya tsaya yana jiran a rufe ta. A adana ƙa'idar rubutu a cikin littafin, sunan fayil kuwa a sauƙaƙa shi.

Yanzu ga inda muka fi so a tsaya, wato kwafin ko-ta-kwana. Mint tana zuwa da wata manhaja mai suna Timeshift, kuma tun ranar farko za ta nemi a kunna ta. A kunna, tana da amfani ƙwarai. Tana ɗaukar hoton yadda jikin manhajar yake, ta yadda in sabuntawa ta ɓata wani abu za a iya komawa yadda ake jiya. Amma Timeshift ba ta ajiye rubutunmu. Da gangan aka tsara ta ta tsallake kayan da ke cikin /home, kuma akwai hikima a ciki, domin in aka mayar da kwamfuta baya zuwa makon jiya, ba a so babin da aka rubuta daren jiya ya bi ta ya koma. 'Yar uwarmu ta ga Timeshift tana aiki kullum, ta ɗauka littafinta na cikin amana. Ko da ma yana ciki, hotunan a kan faifan kwamfutar suke zama in ba a canza musu wuri ba, wato da aka goge faifan sun tafi tare.

Ajiyar rubutu aiki ne daban, kuma namu ne. Akwai Backup Tool a Mint, akwai Déjà Dup a Ubuntu, amma ko jan folda da linzami zuwa filash ya wadatar in za a dage a kai. Masu harkar kwamfuta suna da tsohuwar ƙa'ida: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wajen gida. A wurinmu wannan yana nufin ɗaya a laftof, ɗaya a filash da ba ya kwana cikin jakar laftof ɗin, ɗaya kuma a imel ko wata ma'ajiya ta intanet. Dalilin raba su a fili yake, ɓarawon da ya fizge jaka a bakin titi ba zai tsaya ya miƙo mana filash ba. Littafi mai kalma dubu ɗari in babu hotuna bai kai nauyin hoto ɗaya na waya ba, don haka tsadar data ba uzuri ba ce a nan.

Muna kuma ba da shawarar a riƙa ajiye kwafi da kwanan wata a jikin sunan, shekara sannan wata sannan rana, kamar labari-2026-01-15.odt. In aka bi wannan tsari fayilolin da kansu za su jeru daga tsoho zuwa sabo, a huta da sunaye irin su "na ƙarshe" da "na ƙarshen gaske" da "wanda malam ya gyara". Sannan duk wata a ɗauki filash ɗin a jona a wata kwamfutar, a buɗe fayil ɗin a karanta shafin ƙarshe. Filashin jabu sun cika kasuwa, suna nuna sun karɓi abu alhali sun cinye shi. Kada kuma wani ya ce ai littafinsa yana kan dandalin sayar da littattafai. OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka ɗora ayyukansu, ta rufe a ƙarshen 2023. Dandali wurin baje koli ne, ranar da mai shi ya naɗe tabarmarsa, abin da ke hannunmu kaɗai ne namu.

Sai sabuntawa, wadda ita ce ta jawo mana asarar da muka faɗa. Ana iya yin ta da linzami ta hanyar 'yar garkuwar nan da ke ƙasan allo a Mint, amma yana da kyau a san abin da ke gudana a bayan fage. Umarni biyu ne. Na farko, sudo apt update, ba ya saka komai, yana ɗauko jerin abubuwan da suka sabunta ne kawai, kuma ba ya cin data sosai. Na biyu, sudo apt upgrade, shi ne mai saukewa da sakawa, kuma kafin ya fara zai faɗi yawan megabait ɗin da zai ci, ya nemi amincewa. A karanta wannan layin. Sabuntawar farko bayan sakawa takan kai ɗaruruwan megabait, don haka mu mukan bar ta sai dare, lokacin garaɓasar data.

Babban sharaɗi shi ne kada a fara sai batir ya cika ko akwai wutar da aka amince da ita. Wanda batirinsa ya mutu ya je inda ake da sola ko janareta. In kuma ƙaddara ta faɗa, wuta ta yanke ana tsakiyar aiki, ba a rushe gida don ƙofa ta maƙale. Umarnin sudo dpkg --configure -a yana ƙarasa abin da aka bari rabi da rabi, kuma sau da yawa shi kaɗai ya isa. A rubuta shi a takarda a liƙa a cikin murfin littafin rubutu, domin ranar da za a buƙace shi kwamfutar ba za ta buɗe a duba ba. Ba a fafe gora ranar tafiya: in gobe ne ranar rufe karɓar labarin gasa, yau ba ranar sabuntawa ba ce, a tura labarin tukuna.

Game da wane samfuri za a zauna a kai, a zaɓi mai dogon wa'adi. Ubuntu tana fitar da irin wannan duk shekara biyu a watan Afrilu, tana kula da shi shekara biyar. Ubuntu 24.04 da Mint 22 da aka gina a kanta duka suna da tallafi har 2029. Marubuci ba ya buƙatar sabon yayi duk wata shida. Manhajoji kuma daga rumbun da ya zo da kwamfutar ake ɗauko su, ba a yawon neman fayil mai .exe a shafukan da ba a sani ba, dama ba zai yi aiki kai tsaye ba. Wannan ne ma ya sa ƙwayar cutar nan ta shagunan buga takardu, mai mayar da foldodin filash gajerun hanyoyi marasa komai, ba ta kama Linux. Sau da yawa ma in aka jona filash ɗin da ta kama, a nan ake ganin fayilolin da ta ɓoye. Wannan ba ya nufin Linux ta sha maganin ƙarfe. A kunna katangar tsaro da sudo ufw enable, domin a kashe take zuwa. In kuma Wi-Fi ya ƙi aiki bayan sakawa, kamar yadda yakan faru da wasu tsofaffin laftof, a jona waya da igiyar caji a ba kwamfutar intanet ta nan, a buɗe Driver Manager ta nemo abin da ya ɓace.

Mu zo ga abin da ya shafe mu mu kaɗai, wato ƙ da ɗ da ɓ. Duk wanda ya taɓa kwafo tsohon rubutun Hausa ya ga }asa a madadin ƙasa, ko ]aya a madadin ɗaya, ko ha~aka, ya ga ragowar wani zamani. A shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ba ta san da zaman baƙaƙenmu masu ƙugiya ba, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiro samfurin haruffan Hausa, irin su Rabi'at, waɗanda suka ari gurbin wasu alamomi suka zana ƙugiya a wurin. Aiki ne da ya ceci ɗab'in Hausa a lokacinsa, littattafai da jaridu da mujallu masu yawa da shi aka buga su. Amma a irin wannan tsari ƙugiyar tana jikin samfurin ne, ba ta jikin rubutun, shi ya sa da an buɗe a kwamfutar da ba ta da shi sai asalin alamar ta bayyana. Yanzu kowane baƙi namu yana da lambarsa ta dindindin a tsarin Unicode da duniya ta amince da shi: ƙ tana da 0199, ɗ tana da 0257, ɓ tana da 0253, sai ƴ da 'yan uwanmu na Nijar ke rubutawa inda mu muke sa 'y, mai lamba 01B4. Rubutun da aka yi da waɗannan zai fito daidai a waya da Facebook da ko'ina, kuma mai nema a intanet zai same shi.

Linux ta zo da tsarin madannai na Hausa a cikinta, har guda biyu, na Nijeriya da na Gana. A shiga saitin madannai a ƙara shi kusa da na Turanci, a buɗe hotonsa a ga inda kowace ƙugiya take, a yi kwana biyu ana saba hannu. Wanda bai so ya canza madannai ba, a cikin LibreOffice yana iya rubuta U+0199 ya danna Alt da X, nan take ta koma ƙ. Tsofaffin rubuce-rubucenmu kuma a bi su da nema-da-musanya, alama ɗaya bayan ɗaya, manya da ƙanana, a mayar da su sabon tsari sau ɗaya a huta. Ba kowane samfurin haruffa ne ke da ƙugiyoyinmu ba, shi ya sa wani lokaci ƙ takan fito da wata siffa daban a tsakiyar kalma kamar baƙuwa a gidan biki. Charis SIL yana da su duka kuma yana da kyau a shafin littafi. Masu Ajami kuma akwai Alkalami, wanda cibiyar SIL ta zana bisa salon rubutun hannu na ƙasar Kano. Layi ɗaya ya kawo su biyun: sudo apt install fonts-sil-charis fonts-sil-alkalami.

LibreOffice ita ce madadin Word a nan, kuma tana buƙatar ɗan horo kafin ta saba da Hausa. Za ta ja jan layi ƙarƙashin kusan kowace kalma, a kashe wannan da Shift da F7. Za ta kuma riƙa juya alamar 'yan da 'ya'ya ta koma kamar buɗe zance, a shiga saitin gyaran kai-tsaye a hana ta. Sannan a rage tazarar ajiyar gaggawa daga minti 10 zuwa 3, saboda halin wutarmu.

Mun san abin da wasu za su ce, domin an faɗa mana a fuska: marubuci ba injiniya ba ne, lokacin da zai ɓata yana koyon sudo gara ya rubuta babi. Akwai gaskiya a ciki. Wasunmu sun yi difloma a kwaleji, sun taɓa zama a ɗakin kwamfuta, abin ya fi zo musu da sauƙi, kuma bai dace mu yi kamar kowa haka yake ba. Amma duk abin da muka lissafa bai wuce umarni biyar ko shida ba, sauran duka da linzami ake yi. Mutumin da ya iya bambanta ɗaurin "-r" da "-n", ya san inda ake raba "ba" da inda ake haɗe ta, ya riƙe sunayen taurari talatin a kansa har ƙarshen littafi, ba umarni shida ne za su gagare shi ba. Kuma zama a kan Windows ɗin da aka daina yi wa faci bai cire wa kowa wannan nauyin ba, ya dai jinkirta ranar biya.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na maɗaba'a. CorelDRAW da InDesign ba su da samfurin Linux, kuma da su yawancin masu tsara littafi da bango ke aiki a garuruwanmu. Akwai Scribus da Inkscape da GIMP, suna aiki, amma wanda abincinsa ya dogara da CorelDRAW kada ya goge Windows saboda maganarmu. Ga marubuci zalla kuwa matsalar ƙarama ce. A riƙa aiki da .odt, in edita ya nemi .docx a fitar masa da kwafi, in kuma maɗaba'a za a kai bayan an gama tsari a kai PDF, domin shi yana tafiya da haruffansa a ciki, ƙugiya ba ta zubewa a hanya. Waɗanda kuma a waya suke rubutunsu gaba ɗaya, kuma mun san su ne mafi yawa a cikinmu, maganar kwafi uku da ta Unicode ta shafe su kamar kowa.

Abu ɗaya da ya rage shi ne mutanen gida. Laftof ɗin marubuci ita ce sinimar ƙanne, ita ce kuma wurin aikin makarantar yayye. A buɗe musu asusu daban wanda ba shi da ikon sudo, su yi kallonsu a can, ba su ga littafin ba balle su taɓa shi. Mai son ya kulle faifan gaba ɗaya saboda ɓarayi yana iya zaɓar haka lokacin sakawa, amma ya sani in ya manta wannan kalmar sirrin babu wanda zai iya buɗe masa, ko wanda ya ƙirƙiri manhajar.

Filash ɗin da aka yi sakawa da shi kuma kada a goge shi a zuba waƙoƙi. A ɗaura masa zare, a rubuta Linux a jikinsa, a ajiye inda ake ajiye takardun makaranta. Ranar da kwamfuta ta ƙi tashi, a jona shi, a kunna ana danna madannin zaɓen inda za ta tashi, F9 a yawancin HP, F12 a Dell da Lenovo. Cikakkiyar Linux za ta buɗe daga kan filash ɗin ba tare da ta taɓa faifan ba. A shiga /home a kwashe komai zuwa wani filash, sannan a nemi mai gyara, a kuma gaya masa tun daga bakin ƙofa cewa Linux ce a ciki, kada ya goge komai sai ya kira. 'Yar uwarmu ta samo babi huɗu daga cikin sha ɗayan a saƙonnin da ta taɓa tura wa wata ƙawarta ta duba mata. Sauran bakwai tana sake rubuta su, yanzu tana kan na uku.